Suna linzami: abin da sunan ofishin lauya da kan takardarsa ke faɗa wa ɗan ci-rani

Ɗan Nijar da ya sauka Amurka ba ya daɗewa kafin wani ya miƙa masa katin lauya. A bakin masallaci a Bronx, a shagon kitso a Harlem, a wurin bikin suna a Greensboro, ko a zauren WhatsApp na ƴan gari ɗaya, katin kusan iri ɗaya ne: hoton ma'auni, tutar Amurka, suna mai nauyi da Turanci, sai lambar waya. Mai neman takardun zama ko mafaka yakan dubi sunan, ya ga ya yi kama da na hukuma, ya zare daloli ya biya. Sau da yawa bai san ko mutumin da ke bayan teburin lauya ne ba, balle ya san wace jiha ta ba shi izinin aiki.

Asarar da ke biyo baya ta wuce ta kuɗi. Dokar Amurka ta ba mai neman mafaka shekara 1 daga ranar shigarsa ƙasar ya ajiye buƙatarsa, in ban da wasu ƴan uzurori. Wanda bai halarci zaman kotun shige da fice ba, alƙali na iya yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa. Wanda kuma aka tabbatar da gangan ya cika takardar mafaka da labarin ƙarya, ana iya rufe masa ƙofar samun takardu har abada, domin ko wani ne ya tsara labarin, shi ya sa hannu. Duk waɗannan suna iya samun mutum saboda ya amince da suna a kan kati.

Wannan ne dalilin da ya sa sana'ar lauya, a Amurka da Faransa da Najeriya da nan gida, ta tanadi ƙa'idoji kan sunan da ofishin lauyoyi zai iya ɗauka da abin da zai iya bugawa a kan takardar wasiƙarsa, wato antet ɗin da ke sama da rubutu. Ga wanda bai saba ba, batun ya yi kama da ƙaramar magana ta ƴan boko. Amma wanda ya san ƙa'idojin yana iya gane lauyan gaske daga ɗan damfara cikin minti biyar.

Yadda ƙa'idar ta samo asali a Amurka

An kafa Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, ABA, a shekarar 1878. A 1908 ta fitar da kundin ɗa'ar sana'a na farko, a 1928 kuma ta ƙara masa wani sashe kan sunayen ofisoshin haɗin gwiwa. A 1983 aka sake rubuta kundin gaba ɗaya, inda batun suna da kan takarda ya samu gurbi a ƙa'ida mai lamba 7.5.

Ita ABA ba ta ba kowa lasisi, ba ta kuma hukunta kowa. Abin da take rubutawa samfuri ne. Kowace jiha ke da ikon rajistar lauyoyinta, kuma galibi babbar kotun jihar ce ke ɗaukar samfurin, ta gyara shi, ta mai da shi doka. Saboda haka lauyan Niyok lauyan Niyok ne, na Karolina ta Arewa kuma na Karolina ta Arewa ne. Babu wani lasisi guda ɗaya da ake kira na ƙasar Amurka.

Ƙa'ida ta 7.5 ta tsaya kan abubuwa huɗu. Na farko, kada suna ko kan takarda ya ƙunshi ƙarya ko abin da zai ruɗi jama'a, musamman abin da zai sa a zaci ofishin yana da alaƙa da wata hukumar gwamnati ko ƙungiyar agaji. Na biyu, ofishin da ke da rassa a jihohi daban-daban yana iya riƙe suna ɗaya, amma dole ya nuna waɗanne lauyoyinsa ne ba su da izinin aiki a jihar da reshen yake. Na uku, lauyan da ya hau muƙamin gwamnati, ya kuma daina aiki a ofishin na tsawon lokaci, a cire sunansa. Na huɗu, kada lauyoyi su nuna su abokan haɗin gwiwa ne sai in da gaske haka suke.

A watan Agustan 2018, a taronta na birnin Shikago, ABA ta soke lambar 7.5, ta mai da abin da ke cikinta bayani a ƙarƙashin ƙa'ida ta 7.1, wadda ta haramta ƙarya da ruɗi a duk wata sanarwar lauya. Hukuncin bai canza ba, wurin zamansa ne ya canza, kuma jihohi irin su Niyok da Kaliforniya har yanzu suna da tasu ƙa'idar mai lamba 7.5.

Sunan mai mulki, sunan mamaci

A watan Fabrairun 1861, Abraham Lincoln yana shirin barin garin Springfield zuwa Washinton don karɓar ragamar shugabancin ƙasa, sai ya leƙa ofishin lauyoyin da yake tare da William Herndon. Herndon ya ruwaito cewa Lincoln ya nemi a bar allon da ke ɗauke da sunayensu biyu a rataye, in Allah ya ja kwana zai dawo su ci gaba da aiki. Bai dawo ba, domin an harbe shi a 1865. Da a yau ne, da ƙa'ida ta tilasta a sauke allon.

Haka aka yi wa Richard Nixon bayan sama da shekara 100. A 1963 ya shiga wani ofishin lauyoyi a Niyok, aka sa sunansa a gaba. A 1967 aka ƙara sunan John Mitchell. Da Nixon ya ci zaɓen 1968, ya kuma naɗa Mitchell ministan shari'a, sai aka cire sunayen biyu. Hikimar a fili take. In sunan shugaban ƙasa ko minista ko alƙali yana kan ƙofa, mai ƙara zai ɗauka ofishin yana da ƙafa a fada, ya biya kuɗi don sayen alfarmar da bai kamata a ce ana sayarwa ba.

Mamaci kuwa an yi masa sassauci. An kafa ofishin Sullivan & Cromwell a Niyok a 1879. Sullivan ya rasu a 1887, Cromwell a 1948, amma har yau da sunansu ake aiki. Sharaɗin shi ne ofishin ya kasance shi ne dai ya ci gaba, ana gadonsa hannu da hannu ba tare da yankewa ba. Ba a yarda baƙo ya ɗauko sunan wani shahararren lauya da ya rasu ya manna a ƙofarsa ba.

Wanda ya bar ofis da ransa ya koma wani wuri yana aiki, nasa sunan yakan tafi da shi. Tsohon magajin garin Niyok, Rudolph Giuliani, ya shiga ofishin Bracewell a 2005, aka koma kiransa Bracewell & Giuliani. Da ya fita a 2016, sai ofishin ya koma Bracewell kawai.

Wane da Wane

Ƙa'idar da ta fi shafar talaka ita ce ta haɗin gwiwa. A unguwannin baƙi, lauyoyi biyu ko uku sukan kama hayar ofis ɗaya, su raba kuɗin haya da na sakatariya, amma kowa da jakarsa da mutanensa. Irin waɗannan ba su da ikon rubuta “Wane da Wane” a kan ƙofa. Dalili shi ne, mai ƙara da ya ga sunaye biyu zai zaci mutum biyu ne suka ɗauki nauyin shari'arsa, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan zai tsaya masa, in an yi masa sakaci kuma ofishin ne zai amsa. Ranar da matsala ta faru sai ya ji ɗayan yana cewa shi bai taɓa ganin fayil ɗin ba.

Haka nan lauyan da ke aiki shi kaɗai ya ƙara “& Associates” a bayan sunansa, abin da ke nufin shi da lauyoyin da ke ƙarƙashinsa. Kwamitocin ɗa'a na jihohi da dama sun ce wannan ruɗi ne muddin babu wasu lauyoyi a ofishin. Sakatare da tafinta da mai cika takardu ba sa shiga wannan lissafi. Ana iya sa sunayensu a kan takarda, amma sai an bayyana aikinsu ta yadda ba wanda zai ɗauke su lauyoyi.

Akwai kuma kalmar “of counsel” da ake gani a gefen wasu sunaye. ABA ta yi bayaninta a wani ra'ayi da ta fitar a 1990: tana nufin lauyan da ba abokin haɗin gwiwa ba ne, ba kuma ƙaramin ma'aikaci ba, amma yana da alaƙa ta kusa kuma mai ɗorewa da ofishin, kamar dattijon da ya yi ritaya yana zuwa ba da shawara. Ba a yarda a ari sunan wani babba a jera shi don ado ba.

Haruffan da ke biyo bayan suna, kamar LLP ko PLLC ko PC, suna nuna irin rajistar ofishin, kuma suna taƙaita yadda za a bi sauran abokan aiki bashin kuskuren ɗayansu. Lauyan da ya yi sakacin da kansa ba ya tsira da waɗannan haruffa.

Batun jihohi ma yana da muhimmanci ga ƴan ci-rani. Dokar shige da fice ta tarayya ce, don haka lauyan da ke da lasisi mai kyau a kowace jiha yana iya tsaya wa mutum a gaban hukumar USCIS ko kotun shige da fice a duk faɗin ƙasar. Amma saki, haɗarin mota, rikicin haya da mafi yawan tuhumar laifi suna ƙarƙashin dokar jiha. Lauyan da ke zaune a Greensboro da lasisin Niyok yana iya riƙe maka fayil ɗin mafaka, amma ba zai iya tsaya maka a kotun Karolina ta Arewa kan shari'ar aure ba. Lauya na gari yakan rubuta wannan iyaka ƙarara a kan takardarsa.

Rigimar sunan kasuwanci

Shekaru da dama an hana lauyoyin Amurka talla kwata-kwata. Wasu matasan lauyoyi biyu a birnin Phoenix, John Bates da Van O'Steen, su suka karya wannan shinge. A watan Fabrairun 1976 suka buga talla a jaridar Arizona Republic, suka jera farashin ayyuka kamar saki marar gardama da canjin suna, suka kuma kira ofishinsu da suna mai ma'anar ɗakin shan maganin shari'a. Ƙungiyar lauyoyin jihar ta hukunta su, tana cewa har sunan ma ruɗi ne. A ranar 27 ga Yunin 1977, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa tallar lauya mai gaskiya tana cikin ƴancin faɗar albarkacin baki.

Duk da haka sunan kasuwanci, wato sunan da ba na kowane lauya ba, ya ci gaba da zama abin tsoro. A 1979 kotun ta goyi bayan jihar Teksas da ta hana masu gwajin ido aiki da irin wannan suna, bisa hujjar cewa suna yana iya zama daram alhali mutanen da ke bayansa sun sauya, jama'a kuma ba su sani ba. Da irin wannan hujja wasu jihohi suka riƙe haramcin a kan lauyoyi har zuwa kwanan nan. A farkon 2020 wani ofishi mai suna LawHQ, daga jihar Utah, ya maka hukumomin jihohi 9 a kotu kan wannan haramci. A watan Yunin 2020 Niyok ta sassauta, Teksas ta biyo baya a watan Yulin 2021.

Sassaucin ya zo da iyaka. A Niyok, alal misali, kalmomin da ke nufin agajin shari'a ga marasa galihu an keɓe su ga ƙungiyoyin da ke wannan aiki da gaske, kuma ba a sa sunan wanda ba lauya ba a cikin sunan ofishi. Samfurin ABA ya kuma ce duk talla sai ta ɗauki suna da adireshin tuntuɓar aƙalla lauya ɗaya ko ofishi ɗaya da ke da alhakin abin da aka rubuta. Lauya kuma ba zai ce shi ƙwararre ne mai shaida a wani fanni ba sai ya ambaci hukumar da ta ba shi shaidar. Ke nan katin da ke ɗauke da babban suna mai kalmar “ƙasa” ko “tarayya” ko “cibiya”, amma babu sunan mutum ko ɗaya, ya isa ya sa mutum ya ja da baya.

Tarkon kalmar notari

Ga wanda ya tashi a ƙasar da ke amfani da Faransanci, noter babban mutum ne. Ya yi karatun shari'a mai zurfi, gwamnati ce ta naɗa shi, a gabansa ake sayar da gida da rabon gado da kafa kamfani. A Amurka kuwa “notary public” mai shaida sa hannu ne kawai. A jihohi da yawa ɗan gajeren kwas ko jarrabawa da ƴan kuɗin rajista sun isa mutum ya samu hatimin. Ba lauya ba ne, ba shi da ikon ba da shawarar shari'a, ba zai kuma zaɓar maka takardar da ta dace da halinka ba.

Baƙi daga Latin Amurka sun daɗe suna faɗawa wannan rami, domin su ma a ƙasashensu kalmar tana da nauyi. Shi ya sa jihohi irin su Kaliforniya da Teksas suka haramta fassara kalmar kai tsaye zuwa Sifaniyanci a talla. A Karolina ta Arewa, notarin da ba lauya ba in ya yi talla da wani harshe da ba Turanci ba, dole ya haɗa da sanarwar cewa shi ba lauya ba ne kuma ba ya ba da shawarar shari'a. Faransanci da Hausa da Zabarmanci duk sun shiga cikin wannan hukunci.

Bayan lauya, wanda ya fi samun izinin wakiltar baƙo a harkar shige da fice shi ne wakilin da ma'aikatar shari'ar Amurka ta tantance, wanda ke aiki a ƙarƙashin ƙungiyar agaji da ma'aikatar ta amince da ita. Ma'aikatar tana wallafa jerin sunayen waɗannan ƙungiyoyi da wakilansu a intanet, tana kuma wallafa jerin waɗanda aka dakatar ko aka kora daga aiki a kotunan shige da fice. Lauya ko wakilin gaske yana cika takarda mai lamba G-28, ya sa sunansa da hannunsa, don sanar da USCIS cewa shi ke wakiltarka. Wanda ya karɓi kuɗinka amma ya ƙi barin sunansa ya fito a fayil ɗin, yana shirya wa kansa hanyar gudu ne tun kafin a fara.

A Faransa

Ƴan uwanmu da ke Faransa suna ƙarƙashin wani tsari mai tsauri. Dokar 31 ga Disamban 1971 ce ke tafiyar da sana'ar, kuma wanda ya kira kansa lauya alhali ba ya cikin rajista yana iya fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. Majalisar ƙungiyoyin lauyoyi ta ƙasa, CNB, tana da kundin cikin gida da ya shafi kowane lauya. Sashe na 10 na kundin ya ce a duk wata sanarwa, takarda ce ko allo ko shafin intanet, dole lauya ya bayyana matsayinsa, ya ba da damar a gane shi, a san inda yake, a iya samunsa, a san ƙungiyar lauyoyin garin da ya yi rajista da kuma ofishin da yake ciki.

Kundin ya hana duk abin da zai sa a zaci akwai wani ofishi da babu shi, ko wata ƙwarewa da ba a amince da ita ba. Ya hana ofishi ɗaukar suna na gama-gari, kamar a ce “lauyan baƙi” ko “lauyan saki”, har a adireshin intanet. Tun bayan dokar 17 ga Maris 2014 an halatta wa lauyoyi talla da aika wasiƙar neman aiki, amma bin mutum gida ko kiransa a waya ko tura masa gajeren saƙo don neman aiki haramun ne. Tun 2015 kuma dole ne a rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki tsakanin lauya da mai ƙara, sai a halin gaggawa da ƴan wasu lokuta. Kalmomi irin su “juriste” ko “consultant” a kan kati ba sa nufin lauya.

A Najeriya, suna ya kashe shari'o'i

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da ke da harka a Kano, Katsina, Sakkwato ko Legas, ya kamata su san abin da ya faru a Kotun Ƙolin Najeriya a 2007, a shari'ar Okafor da Nweke. An shigar da wata buƙata a gaban kotun, amma a wurin sa hannu sai aka rubuta sunan ofishin wani babban lauya tare da “& Co”. Kotun ta ce dokar aikin lauya ta san mutumin da sunansa ke cikin rajistar Kotun Ƙoli, ba ta san ofishi ba, don haka takardar ba ta da inganci, aka kuma yi watsi da ita.

Hukuncin ya girgiza lauyoyi, domin da yawa sun saba sa hannu da sunan ofis. Shari'o'in da aka shafe shekaru ana yi suka rushe saboda layi ɗaya a ƙasan takardar farko. A 2012, a shari'ar bankin First Bank da Maiwada, aka nemi kotun ta janye matsayinta. Alƙalai 7 suka zauna, suka saurari manyan lauyoyin da aka gayyato, suka kuma tabbatar da hukuncin. Wanda ya fi shan wahala a irin wannan hali shi ne mai ƙara, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyin Najeriya na 2007 sun yi kama da na Amurka a wurare da dama. Lauya ba ya haɗin gwiwar aikin shari'a da wanda ba lauya ba. Ana iya riƙe sunan mamaci in ba zai ruɗi kowa ba. Wanda aka naɗa alƙali a cire sunansa. Mai aiki shi kaɗai kada ya nuna kamar yana da abokan haɗin gwiwa. Tun 2015 kuma Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya ke ba kowane lauya hatimi mai ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa, wanda yake mannawa a takardun da ya shirya. An sabunta kundin a 2023, sabon ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2024.

Nan gida Nijar

A Nijar dokar 8 ga Yunin 2004 ce ta tsara aikin lauya, sannan ga ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 25 ga Satumban 2014 da ta daidaita sana'ar a ƙasashe 8 na ƙungiyar. Ƙungiyar lauyoyi tana da jerin sunayen mambobinta, tana da shugaba, wato batoniye, wanda ake kai wa ƙorafi in an samu saɓani da lauya. Wanda sunansa ba ya cikin jerin, ko cikin jerin masu sanin makamar aiki, ba shi da ikon kiran kansa lauya. Haruffan SCPA da ake gani a allunan Yamai suna nufin kamfanin haɗin gwiwa na lauyoyi.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne laƙabin Metir. Ana kiran lauya Metir, ana kiran noter Metir, haka ma wisiye da magatakardan kotu. Kowannensu da aikinsa. Noter yana rubuta takardun da doka ta ba ƙarfi, wisiye yana kai sammaci da zartar da hukunci, lauya kuma shi ke ba da shawara ya kare mutum a gaban alƙali. Don haka ganin Metir a kan allo bai isa ba, sai an karanta layin da ke ƙasa.

Da yake akasarin lauyoyin ƙasar a Yamai suke, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan faɗa hannun ƴan tsakani da ke yawo a harabar mashara'anta, masu cewa sun san alƙali ko su yaran lauya wane ne. Ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗi don shari'ar fili ko gado ya fi kowa shiga haɗari, tunda hoton takarda kawai yake gani a waya. Ga marasa hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 14 ga Disamban 2011 don ba da agajin shari'a, kuma tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi.

Kafin ka biya ko dala ɗaya

Ƙa'idojin nan suna ɗaure lauyan gaske ne, wanda ke tsoron rasa lasisinsa. Ɗan damfara bai damu da su ba, kuma da kwamfuta da injin buga takarda kowa na iya ƙera kan takarda mai kyau, har da satar sunan ofishin gaske. Saboda haka takarda mafari ce ta bincike.

Ka nemi cikakken sunan mutumin da zai riƙe fayil ɗinka, ba sunan ofis kaɗai ba. Ka tambaye shi jiha ko ƙungiyar da ta yi masa rajista da lambarsa. Lauyan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka duba sunan da kanka a rajistar hukuma: a Amurka shafin ƙungiyar lauyoyi ko na kotunan jihar, a Faransa kundin sunaye na CNB, a Nijar sakatariyar ƙungiyar lauyoyi a Yamai. Ka kira lambar da ke cikin rajistar, ka bar wadda ke kan wasiƙar. Shafukan gwamnatin Amurka suna ƙarewa da .gov, kuma takardun USCIS kyauta ake sauke su, kuɗin ajiye su ne ake biya.

Ka nemi yarjejeniya a rubuce da rasit na duk abin da ka biya. Kada ka sa hannu a takardar da ba a cika ba, ko wadda ba a fassara maka ba. Ka riƙe fasfo da takardar haihuwarka na asali, ka ba da kwafi, ka kuma karɓi kwafin duk abin da aka aika da sunanka. Wanda ya yi maka alkawarin tabbas za ka ci shari'a, ko ya ce yana da mutum a cikin hukuma, ka tashi ka ba shi wuri.

In lauya mai rajista ya cuce ka, akwai inda za ka kai kuka. A Amurka kowace jiha tana da hukumar ladabtarwa da asusun biyan waɗanda lauya ya ci wa kuɗi. A Faransa doka ta tilasta wa lauyoyi inshora, kuma kuɗin mai ƙara yana bi ta wani asusu na musamman da ake kira CARPA. Duk wannan kariya ta tsaya ne ga wanda ya yi hulɗa da lauyan da sunansa ke cikin rajista. Wanda ya ba mai katin bogi kuɗinsa, sai dai ya tafi wurin ƴan sanda, sau da yawa kuma lokacin da zai gane, ranar kotu ta riga ta wuce.